Na je Bodh Gaya: wurin na 'yan Buddha ne, amma masu garin wasu ne daban

Hutun Disamba ne, makaranta ta watse, kuɗin jirgin zuwa gida kuma ba a cewa komai, duk wanda yake karatu a Indiya ya gane abin da nake nufi. Abokin ɗakina ɗan Sirilanka ne mai bin addinin Buddha, yaro mai sanyin hali, ko sallah zan tayar da kansa yake kashe waƙar da yake ji ba sai nace masa komai ba. Shi yace min mahaifiyarsa da ayarinsu na masu ziyara za su sauka Bodh Gaya, babban wurin ziyarar 'yan Buddha da ke jihar Bihar, zai je ya same su, in ba abin da nake yi in raka shi mana. Da na kira Hajiya na faɗa mata sai da tayi shiru tukuna sannan tace "wajen gumaka za ka je?" Nace Hajiya kallo ne kawai da neman sani. Tace to in dai ba zan durƙusa wa komai ba kuma ba zan yi wasa da sallah ba, Allah ya tsare hanya.

Daga tashar New Delhi muka hau jirgin ƙasa da yamma. Tikitin taragon da ake kira 3AC, mai gado hawa uku da bargo da matashi, mun biya wajen rupi 1,400 kowa, kar ku tambaye ni nawa ne a naira, naira ba ta tsayawa wuri ɗaya balle a yi lissafi da ita. Tafiyar kusan kilomita 1,000 ce, ta Kanpur da Prayagraj wadda tsofaffi har yanzu suke kira Allahabad. Mai duba tikiti ya zo ya karɓi fasfo ɗina ya juya shi ya juya shi, ya kalle ni yace "West Indies?" nace Najeriya, yace oh, ya wuce. Wannan tambayar ta West Indies na sha ta har na gaji, su duk baƙin mutum ɗan wasan kurket ne na tsibiran West Indies da ke Karibiyan. Isha'i a zaune na yi ta a gadon sama, kaina na gugar rufin tarago.

Abin da ya ba mu wahala shi ne hazo. Mu a gida in ance hazo ƙura ce, busasshiya, ta fasa maka leɓe ta sa ƙafa tayi kaushi amma dai kana ganin rana ko da ja-ja ne. Nasu na ruwa ne, fari fat, yana sauka cikin dare ya kwanta a kan gonaki kuma ba ya tashi sai wajen sha ɗaya na safe, in ka leƙa taga ko sandar wutar da ke gefen layin dogo ba ka gani. Sanyin kuma ba irin na hunturun Kano ba ne da za ka sa rigar sanyi ka sha shayi da rana tayi ka tuɓe, wannan jiƙa ka yake yi, ya shiga ƙashi ya zauna, ko ɗan Jos sai ya sara masa. Jirgin ya dinga rarrafe yana tsayawa a tsakiyar daji, muka makara da awanni da yawa, ba wanda ya damu a taragon sai ni, kowa ya ja bargo yana jiran mai shayi.

Da muka kusa shiga Bihar wani dattijo da ke gadon ƙasa ya taɓa ni yace in akwai kwalbar giya a jakata in san yadda zan yi da ita tun yanzu, don tun Afrilun 2016 jihar ta haramta giya gaba ɗaya, sha da sayarwa, kuma ana kama mutane a tasha. Nace Baba ni Musulmi ne, kuma garin da na fito ma haka dokar take. Ya yi dariya, shikenan hira ta ɓarke. Shi ya nuna min Sasaram da muka tsaya, yace nan kabarin Sher Shah Suri yake a tsakiyar wani tafki, sarkin nan Musulmi na ƙarni na 16 da ya gyara babbar hanyar Grand Trunk kuma ya buga kuɗin azurfa da ake kira rupiya. Ban ga kabarin ba, hazo bai bari ba.

Tashar Gaya kuwa, kafin ƙafarka ta taɓa ƙasa 'yan adaidaita sun yi maka zobe. Wanda ya fara kama jakata yace 600, abokina da ya ɗan iya Hindi ya dinga ja da su har muka samu wani a 300 mu biyu. Sai da muka shiga na lura da lambar 786 manne a gilashinsa, wadda Musulmin Indiya suke sawa a madadin Bismillah. Nayi masa sallama, ya waigo da sauri har ya kusa hawa kan wata saniya. "Musalman?" Nace eh. Yace to me zan je yi Bodh Gaya, nace rakiya. Yace shi ma ai rakiyar yake yi kullum, shekara da shekaru yana ɗaukar 'yan Tailan da 'yan Japan yana kai su ƙofar wurin, da kuɗinsu ya aurar da ƙannensa mata, amma sau nawa ya shiga ciki, ya ɗaga kafaɗa. Daga wata huɗu na sanyi suke cin shekara, yace, don da zafi ya shigo wajen Afrilu baƙi suke ɗaukewa, garin ya koma kamar an share.

Wannan maganar tasa ita ta fara buɗe min ido. Ni a zatona zan tarar da gari na 'yan Buddha, ashe ba haka ba ne. A ƙidayar 2011 mabiya Buddha a duk Indiya ba su kai kashi 1 cikin 100 ba, wajen mutum miliyan 8 da ɗoriya, yawancinsu ma can Maharashtra suke, nesa da nan. Bihar kuwa 'yan Hindu ne suka fi yawa sai Musulmi kusan kashi 17. Wato mai otal, mai shayi, mai sayar da carbi da ƙananan gumaka, mai gadin takalma, mai shara, kusan duk ba addininsu ba ne. Masu addinin baƙi ne, su zo da jirgi su koma.

Hanyar ba ta da nisa, ba ta kai kilomita 20 ba, tana bin gefen kogin Falgu wanda a lokacin yashi ne zalla shimfiɗe sai ɗan siririn ruwa. Gonakin mustad sun yi rawaya, ga tarin bambaron shinkafa, ga bangon gidaje an lilliƙa musu kashin shanu ana busarwa don girki.

Masauki ya ɗan ba ni ciwon kai. Abokina ya wuce wajen su mamansa a gidan saukar baƙi na 'yan ƙasarsu, ni kuma na shiga neman ɗaki. Wasu suka ce a cike suke, wani kuma ya faɗa min gaskiya yace ba shi da rajistar saukar da ɗan ƙasar waje, don doka ce duk baƙon da ya kwana sai an cike masa wani fom da ake kira Form C an tura wa hukuma da hoton fasfo da biza. Daga ƙarshe na samu wani ɗan gida a lungu, rupi 900 kwana ɗaya, ba hita, ruwan zafi a bokiti yaron gidan yake kawowa da safe, bargon kuma nauyi kamar an ɗora maka buhu. Tsaf dai yake, ban ga kuɗin cizo ba.

Wajen la'asar muka haɗu muka nufi Mahabodhi, sunan babban wurin bautar kenan. Maman abokina 'yar ƙaramar tsohuwa ce sanye da farare kal, duk ayarinsu haka suke, fari daga sama har ƙasa. Na gaishe ta na ɗan rusuna yadda ake gaida manya, ta kama hannuna biyu tana magana da yarensu, yace wai tana godiya da nake kula mata da ɗa. Nace Mama shi yake kula da ni, shi ya iya girki.

Shiga ba kuɗi, amma akwai bincike sosai. Waya ba ta shiga sam, akwai rumfa ta musamman da za ka miƙa ta a ba ka ɗan kati, kyauta. Kamara ana bari in ka biya rupi 100. Daga nan layin maza daban na mata daban, ka bi ta ƙofar na'ura, a lalube ka, ka ƙara gaba a sake lalube ka. Dalilin kuwa shi ne ranar 7 ga Yulin 2013 da asuba bama-bamai suka tashi a cikin harabar da kewayenta, mutane suka ji rauni har da malaman Buddha biyu, a 2018 kotu a Patna ta yanke wa mutum biyar ɗaurin rai da rai, kuma masu bincike sunce ramuwar gayya ce wai kan abin da ake yi wa Musulmin Rohingya a Myanmar. Ina tsaye a layin nan da gemuna da sunana a fasfo, ba wanda yace min komai wallahi, mai binciken ma murmushi yayi, amma ni dai jikina ya yi nauyi. Abin da aka yi wa Rohingya zalunci ne ba ja, amma ina ruwan tsohuwar da ta tara kuɗin fanshonta ta zo daga garin Kandy na Sirilanka ta ajiye fure?

Muka ajiye takalma muka bi ta wata doguwar hanya, sai ga shi. Abin da ban zata ba shi ne wurin a cikin kwari yake, kai kana sama ginin yana ƙasa sai ka sauka matakala, amma duk da haka sai ka ɗaga kai kafin ka ga ƙarshensa. Dogon gini ne mai kusurwa huɗu yana tsukewa yana hawa, ya haura mita 50, da ƙananan irinsa guda huɗu a kusurwoyi, jikinsa duk sassaƙa ne hawa-hawa ba inda aka bari fili. Da jan bulo aka gina shi tun wajen ƙarni na 5 zuwa na 6, yana cikin gine-ginen bulo mafi tsufa da suka rage a tsaye a Indiya, UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2002. Can ƙololuwar tana ƙyalli, abokina yace zinare ne na gaske kusan kilo 290 da Sarkin Tailan da mutanen ƙasar suka bayar aka lulluɓe a 2013. Na tuna layin mabarata da muka tsallake a bakin ƙofa, kutare da makafi da yara ba takalmi cikin wannan sanyin, ban ce komai ba.

Labarin wurin a taƙaice yadda suka ba ni: wani ɗan sarki ne mai suna Siddhartha Gautama, an haife shi a Lumbini da ke Nefal ta yanzu kimanin shekara 2,500 da suka wuce. Yana da shekara 29 ya bar gidan sarauta da mata da ɗa ya shiga daji neman dalilin da yasa ɗan Adam yake shan wahala, tsufa da ciwo da mutuwa. Ya yi shekara 6 yana azabtar da kansa da yunwa har ya kusa mutuwa, ya ga ba ta ɓulle ba, ya karɓi abinci ya ci, ya zo gindin wata bishiya a nan ya zauna yace ba zai tashi ba sai ya gane. A imaninsu a nan ya gane ɗin, daga nan aka fara kiransa Buddha. Shi yasa cikin wurare huɗu da suke ziyarta, Lumbini da nan da Sarnath inda ya fara wa'azi da Kushinagar inda ya rasu, nan ne gaba. Sarki Ashoka, wanda ya rungumi addinin bayan ɓarnar da ya gani a yaƙin Kalinga, shi ya fara gina wurin bauta a nan a ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa.

Ɗakin ciki ƙarami ne, layi ake bi. Na bi su har bakin ƙofa na hango gunkin, babba ne a zaune an shafe shi da ruwan zinare, hannunsa na dama yana taɓa ƙasa, an yafa masa mayafi ruwan lemo, gabansa tulin furanni da 'ya'yan itace da kwanukan shinkafa. Na ja gefe na tsaya na riƙe wa Mama jakarta, suka shiga suka yi abin da ya kawo su. Ba wanda ya harare ni don ban sunkuya ba, ba wanda ya miƙo min fure yace sai na ajiye.

Bishiyar tana bayan ginin ta yamma, kuma gaskiya ita ce ta fi tsaya min a rai fiye da ginin. Dangin su cediya da durumi ce, a nan suna ce mata pipal, ganyenta mai faɗi da ɗan dogon wutsiya a ƙarshe. An kewaye gindin da shinge na dutse, rassan sun baje har an tokare wasu da ƙarafa kar su karye, kuma masana daga cibiyar binciken gandun daji ta Dehradun ne suke duba lafiyarta kamar mara lafiya a asibiti. Ba ita ce ainihin wadda ya zauna a gindinta ba, jikanya ce ko tattaɓa kunne. An sha sare ta a tarihi tana tohowa, tsohuwar ta faɗi a guguwar 1876, wani Bature mai haƙar kayan tarihi Alexander Cunningham ya dasa wannan a 1881 daga irin waccan. Abokina kuwa sai da ya tabbatar na ji cewa 'yar Sarki Ashoka, Sanghamitta, ta kai reshen ta farkon Anuradhapura a ƙasarsu kuma tana nan da rai har yau, wato dai tasu ta fi tsufa. Tsakanin bishiyar da bango akwai wani faffaɗan dutse da aka ce Ashoka ya ajiye daidai inda mutumin ya zauna.

An hana tsinkar ganye, to sai ka ga abin dariya. Mutane zaune sun rufe ido kamar ba sa duniyar, iska na kaɗawa ganye ɗaya ya faɗo, sai ka ga ido ya buɗe hannu ya kai cafka. Wata mata 'yar Biyatnam da wani malami mai jan mayafi suka kai hannu tare kan ganye ɗaya, suka kalli juna, ya sakar mata. Ɗaya ya faɗo a kafaɗata ina tsaye, kafin in ankara idanu wajen goma suna kaina, na miƙa wa Mama, ta karɓa da hannu biyu ta sa cikin littafin addu'arta, har ta yi ƙwalla.

Kowa kewaya ginin yake yi, kafaɗar dama tana wajensa, ba a yin akasin haka. Daga kalar mayafi kake gane ƙasa: ruwan lemo 'yan Tailan da Sirilanka, ja mai duhu 'yan Tibet da Butan da Myanmar, ruwan toka 'yan Koriya, baƙi 'yan Japan. Kowane ayari da jagoransa da 'yar lasifikarsa suna karatu da yarensu, ga turaren tsinke, ga furanni irin na bado jere a kan kowane dutse, amma abin mamaki ba hayaniya, ba ture-ture, sai wani irin gunji ƙasa-ƙasa. Rashin wayar nan ma ya taimaka, ba mai ɗaga hannu yana bidiyo.

'Yan Tibet su suka fi ba ni mamaki. A cikin ciyawa tsakanin ƙananan hasumiyoyi an jera katakai dogaye sumul, kowa da nasa. Mutum zai tsaya ya haɗa hannu a ka, a baki, a ƙirji, sannan ya zube ya miƙe gaba ɗaya rub da ciki, hannayensa cikin wasu 'yan tsummoki suna sulɓewa a kan katakon, ya tashi ya sake. Da yawansu 100,000 suke son cikawa, abin da ke ɗaukar watanni, wasu da carbinsu mai 'ya'ya 108 suke ƙirga wasu da ɗan abin latsawa irin wanda muke tasbihi da shi. Na ga wata tsohuwa da ta haura saba'in a ido, goshinta ya yi kanta, tana yi ba ta ko haki, kusa da ita fulas ɗin shayi da bargo. Ni da raka'a ashirin ta asham take sa ni duba agogo, na tsaya ina kallonta na daɗe.

Muna nan zaune rana ta faɗi aka kunna fitilu, sai kawai na ji kiran sallar magariba, ras, kamar a cikin harabar ake yi. Ashe akwai masallacin Juma'a a nan kusa, bayan katangar kaɗan. Ba wanda ya ɗaga kai cikin masu zaman, da alama sun saba. Nace wa abokina bari in je, na karɓi takalmi da waya na fita, minti kaɗan na isa. Ruwan alwala kamar ƙanƙara. A sahu na ga mai sayar da carbin da muka wuce ɗazu da wani mai keken batir, bayan sallama aka zagaye ni ana tambaya daga ina, da nace Najeriya wani dattijo yace ya yi aikin Hajji da 'yan Najeriya, mutane ne masu ƙarfi wajen dawafi, kowa yayi dariya. Su suka nuna min inda zan ci naman da hankalina zai kwanta, wani ɗan shago a bayan masallacin, biryani da kaza rupi 150.

Abincin garin kala biyu ne. Akwai na baƙi, musamman rumfunan 'yan Tibet da suke buɗewa lokacin sanyi kawai, inda ake sayar da thukpa, taliya cikin romo mai zafi, da momo, ƙullin fulawa da ake turarawa, ni na ganye nake ci don ban san yankan ba. Akwai kuma na 'yan gari, litti chokha, dunƙulen alkama da aka cusa wa garin gasasshen wake da yaji aka gasa a kan wutar kashin shanu, a tsoma a man shanu, a ci da dakakken yalo da tumatir da dankali. Kar wutar ta tsorata ku, toka ce ake kakkaɓewa, kuma rupi 40 ka ƙoshi har dare.

Washegari da safe muka tsallaka gada zuwa ƙauyen Sujata, sunan yarinyar da aka ce ta ba shi shinkafa da madara lokacin da yunwa ta kusa kashe shi. Akwai tsohon tudun bulo da aka tono a wurin, sai gonaki. Yara suka biyo mu da takardu wai a taimaka wa makarantarsu, wasu ƙila da gaske ne wasu kam sana'a ce. Sana'ar da ta fi ba ni haushi ita ce ta masu tsuntsaye a keji, ka biya a saki tsuntsu ka samu lada, to wa ya kama shi tun farko, kuma don wa? Mama ta so ta biya, ɗanta ya hana ta.

Cikin gari kuma kowace ƙasa ta gina nata wurin bauta da irin ginin gidansu, kana tafiya a ƙafa kamar kana tsallaka iyakoki. Na Tailan rufinsa na walƙiya da ƙahonni, na Butan zane-zane kala-kala har rufi, na Japan katako ne ba kwalliya shiru kamar ba kowa. A ƙarshen wani titi ga gunkin Buddha na dutse mai ƙafa 80 da 'yan Japan suka gina, Dalai Lama, jagoran 'yan Buddha na Tibet, ya buɗe shi a 1989. Ciki tsaf-tsaf da furanni, kana fitowa ƙofa kwata ce da shara da awaki. Kuɗi yana shigowa garin nan ba kaɗan ba, inda yake tsayawa ne ban gane ba.

A wajen mai shayi na haɗu da wani malamin Buddha ɗan Indiya daga Nagpur, yana jin Turanci sosai, shi ya warware min sauran zancen. Kakanninsa 'yan ƙasan ƙasa ne a tsarin Hindu na raba mutane aji-aji tun daga haihuwa, waɗanda ake ƙyamar taɓawa, suka bi jagoransu Dakta Ambedkar suka koma addinin Buddha ranar 14 ga Oktoban 1956 tare da dubban ɗaruruwan mutane. Yace addinin ya yi rauni a ƙasar da aka haife shi tun wajen ƙarni na 12 zuwa 13, sarakunan da ke ɗaukar nauyinsa suka ƙare, rundunonin Turkawa irin na Bakhtiyar Khilji suka rusa manyan makarantunsu na Bihar, ya faɗi wannan yana kallona kai tsaye ba tare da ɗaci ba, ni ma ban kawar da kai ba. Wurin ya zama kango ƙasa ta binne rabinsa, shi yasa yake cikin kwari yanzu. Wajen ƙarshen ƙarni na 16 wani malamin Hindu ya zauna a wurin, magadansa suka mallake shi, su a wajensu Buddha ɗaya ne daga cikin siffofin Vishnu, abin bautarsu. 'Yan Bama, wato Myanmar ta yanzu, suka fara gyara, Turawan Ingila suka ƙarasa a shekarun 1880. A 1891 wani ɗan Sirilanka Anagarika Dharmapala ya zo ya ga halin da wurin yake ciki, ya kafa ƙungiyar Maha Bodhi ya shiga shari'a, har ya rasu a 1933 bai ga ƙarshenta ba.

Dokar da aka yi a 1949 ita ake bi har yau: kwamitin mutum takwas, huɗu 'yan Hindu huɗu 'yan Buddha, shugaba kuma babban jami'in gundumar Gaya, wanda sai a 2013 aka cire sharaɗin cewa dole ya zama ɗan Hindu. Ko a Fabrairun 2025 sai da malamansu suka yi zaman dirshan da yajin cin abinci a garin suna neman a soke dokar a ba su wurinsu gaba ɗaya. Ya tambaye ni, ku za ku yarda a ce rabin masu kula da masallacinku mafi girma ba Musulmi ba ne? Nace a'a. Mai shayin da ke jinmu, ɗan Hindu ne, ya sa baki da Hindi, malamin ya fassara min yana murmushi: wai cewa yayi da kakanninsu ba su zauna a wurin ba lokacin da kowa ya gudu, da ko bulo ɗaya ba a tarar ba. Suka ci gaba da musu, na biya rupi 10 na shayina na bar su.

Su Mama daga nan bas ɗinsu Rajgir da Nalanda ya nufa, sannan Sarnath da Kushinagar har Lumbini, abokina ya bi su, ni kuɗina da hutuna ba su kai nan ba. Na kira mai adaidaitan nan ya zo ya ɗauke ni, wannan karon 250 ya karɓa, kuma yace ba zan bar Gaya ban sayi tilkut ba. Ya kai ni titin Ramna, tun daga nesa kake jin ƙamshin soyayyen riɗi da ƙarar duka, maza zaune a ƙasa suna kirɓa riɗi da mazarƙwaila ko sukari da guduma har ya zama fala-fala. Na ɗanɗana nace kai, wannan ai kantu ne, sai dai nasu ya fi laushi, yana narkewa a baki ba ya neman haƙori. Na sayi kilo ɗaya na mazarƙwailar da niyyar kai wa 'yan Najeriyar da ke hostel ɗinmu. Jirgin komawa ma hazo ya riƙe shi, muka kwana muka wuni a hanya, abincin da na saya a tasha ya ƙare tun Kanpur, dole na buɗe kwalin, na miƙa wa maƙwabtan gadona suma suka sa hannu. Abin da ya isa Delhi bai fi guda shida ba, su ma a daren suka ƙare.